Wane Irin Sim Za Ka Sa wa Na'urar Gadin Kajinka da Kifinka?

Tunda na yi bayanin na'urar da ke auna zafin ɗakin kaji ta turo wa mutum saƙo a waya, tambayar da ta fi yawa ita ce: "Malam, wane layi zan sa mata?" Tambayar tana da muhimmanci, don ni kaina ta taɓa ci mini jari.

Ina zaune a Tambuwal, amma tankunan tarwaɗata suna gonar kawuna a wajen Kebbe. Na sa wata 'yar na'ura da ke faɗa mini idan ruwa ya ragu ko injin sola ya tsaya. Tsohon layina na zura mata na kama gabana. Ashe datar ta ƙare ban sani ba. Wata rana bututu ya tsage da dare, na'urar ta gani amma ba ta da bakin faɗa. Kafin yaron gona ya zo da safe, kifin tanki guda ya tafi. Laifin ba na na'urar ba ne, ni ne ban zaɓi layi da hankali ba.

Ita na'urar nan ba ta da wata hanya ta isa gare ka sai ta sabis ɗin waya, kuma sim shi ne katin shaidarta a wajen kamfanin sadarwa. Iri huɗu za ka ci karo da su.

Na farko, sim na yau da kullum, irin na wayarka. Ya fi arha, kuma ko ina za ka same shi. Sai dai don mutum aka yi shi. Dole a haɗa shi da lambar NIN, tsarin da hukumar NCC ta fara tilastawa tun Disamban 2020, kuma idan rajistar ta samu matsala za a rufe layin ko da yana cikin na'ura. Haka layin da ya yi kamar wata shida ba a yi wata hulɗar kuɗi da shi ba, kamfani na iya dakatar da shi. Ga kuma ƙurar hunturu, da damshin bakin tanki, da warin kashin kaji da ke cin ƙarfe a hankali har wurin da sim ke taɓa na'ura ya daina kamawa. Sannan abu ne mai sauƙi wani ya zare shi ya sa a wayarsa ya cinye datar.

Na biyu, sim na na'urori, wanda ake kira M2M. Kamanninsa ɗaya da na waya, amma tsarinsa daban. Kamfanonin sadarwa suna sayar da shi ta sashensu na 'yan kasuwa, kuma galibi sai da rajistar kasuwanci. Amfaninsa, daga wayarka ko kwamfuta kana ganin ko layin na aiki da yawan datar da ya ci, kana iya kulle shi idan an sace. Mai ƙarfin cikinsu yana jure zafi har maki 105, na waya kuma iyakarsa 85. Wanga ya fi dacewa da mai na'urori da yawa, ko ƙungiyar masu kiwo da suka haɗa kai.

Na uku, eSIM. Nan mutane ke rikicewa, don abu biyu ake kira da sunan. Akwai ɗan ƙanƙanin sim, milimita 5 da 6, da ake liƙa wa jikin na'ura tun daga masana'anta: ba ya zaruwa, ƙura ba ta shigarsa. Akwai kuma fasahar da ke ba da damar sauya kamfani daga nesa ba tare da an buɗe na'ura ba. Ba kowane liƙaƙƙen sim ke da wannan damar ba. A Najeriya MTN da 9mobile sun fara gwajin eSIM a 2020, Airtel ta biyo a 2023, amma wannan na wayoyin hannu ne da ake ɗaukar hoton lamba. Na'urar gona ba lallai ta karɓi irinsa ba. Idan ka sayi mai liƙaƙƙen sim na kamfanin da ba shi da sabis a gonarka, kuma ba a iya sauyawa, to ka sayi kayan ado. Akwai sabon salo ma, iSIM, wanda sim ɗin ke cikin ƙwaƙwalwar na'urar, amma wannan bai zama abin damuwar ƙaramin mai kiwo ba tukuna.

Na huɗu, sim mai yawo tsakanin kamfanoni. Yawanci daga ƙasashen waje yake zuwa tare da na'urar. Idan sabis ɗin wannan kamfani ya ɗauke, sai ya kama na wancan. A wuri irin namu wannan abin so ne. Matsalarsa, da dala ake biya, kuma wasu ƙasashe ba sa barin layin waje ya dauwama a cikinsu. Ka sa mai sayarwa ya rubuta maka kamfanonin da zai kama a Najeriya, da abin da za ka biya bayan shekarar farko.

To wanne za ka ɗauka? Gonarka ce za ta ba ka amsa. Sabis ɗin da kake samu a bakin babban titin Sakkwato zuwa Jega, a Tambuwal ko Dogon Daji, ba shi za ka samu ba idan ka nausa ƙauyukan Kebbe wajen Kuchi. Ka aro wayoyi masu layi daban-daban, ka tsaya daidai inda za a kafa na'urar, cikin ɗakin ba waje ba, don kwano yana rage sabis. Ka gwada da rana, ka gwada da asuba. Asuba ce lokacin haɗari ga kifi, don a lokacin iskar oksijin ta fi ƙaranci a ruwa. Ga kaji kuma tsakar ranar Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura maki 40.

Ka kuma tambaya ko na'urar 2G kawai take kamawa ko har da 4G. Da yawan masu arha 2G ne zalla. Inda intanet ba shi da ƙarfi, wadda ke turo saƙon tes ko ta kira ka ta fi wadda sai da manhaja. Kada kuma a ruɗe ka da babbar data. Na'urar da ke turo awo duk minti 10 tana aika saƙo 144 a rana, kusan 4,320 a wata. Ko kowane saƙo ya ci kilobait ɗaya, ba a kai megabait 5 ba. Kyamara ce mai cin data. Tunda NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, ka nemi ƙaramar data mai dogon wa'adi.

Shawarata ga mai 'yan tsaki 200 ko tanki biyu: sim na yau da kullum ya wadatar, amma sabo, da sunanka, ba na yaron gona ba. Ka sa ranar sabunta data a wayarka, ka kulle akwatin na'urar, kuma ka saita ta ta riƙa turo maka saƙo kowace safiya ko babu matsala. Ran da ba ka ga saƙon ba, ka san akwai magana. Idan da hali, ka sayi mai ɗaukar layi biyu na kamfanoni daban.

Abu na ƙarshe. A Satumban 2021 an rufe sabis a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. A irin wannan rana babu sim ɗin da zai cece ka. Don haka ka sayi na'ura mai jiniya da za ta tashi wanda ke kwana a gonar ko babu sabis.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya sa albarka a kiwonmu.