Reshen gawo a gefen hoto

Duk mai ɗaukar hoton daji da waya ya san wannan takaici. Ido ya ga fili mai faɗi da zurfi, amma da an duba hoton sai a tarar da ƙasa da sama kawai, a tsakiya kuma wani ɗan ɗigo wai shi ne giwa. Mu da idanu biyu muke auna nisa, kyamara kuwa ido ɗaya gare ta, na kusa da na nesa duk shimfiɗe su take yi wuri guda. A dazukanmu abin ya fi tsanani, domin ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ga hazon hunturu da ke shafe duwatsun nesa.

Dabarar da gwanayen hoto ke yi ita ce su nemi wani abu na kusa ya zame wa na nesa firam: reshen itace, tsagar dutse, bakin kogo, ko dogayen ciyayi. Kamar mai zaune cikin zaure ne yana hangen waje ta ƙofa, duhun da ke kewaye da shi ke tura idonsa zuwa haske. Da zarar an samu abu a gaba, wani a tsakiya, wani can baya, zurfin da ya ɓace ya dawo.

A ganina, babban amfanin wannan dabara shi ne tana faɗin inda aka ɗauki hoto da lokacin da aka ɗauka. Gawo dai da rani yake fitar da ganye, ya zubar da damina, saɓanin sauran itatuwa. Kuka kuwa da rani tsirara take tsayawa. A Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, inda raƙuman dawan Afirka ta Yamma suka rage, dabbobin kan ci ganyen gawo da rani. Wanda ya tsaya har koren reshen gawo ya rataya ta saman hoto, raƙumin dawa na ƙarƙashinsa a busasshen fili, ya ba da labarin rani ba tare da ya rubuta komai ba. Wanda ya cika hoton da dabbar kaɗai, to ba a bambanta nasa da na gidan zu.

Sai dai waya tana da nata halin. Abin da ya fi kusa take kamawa, sai ganye ya fito tar, dabbar ta yi dishi-dishi. A taɓa dabbar a fuskar waya kafin a ɗauka. Matsalar haske ma haka take. A Yankari ta Jihar Bauchi, wadda aka buɗe wa masu yawon buɗe ido a 1962, akwai kogunan Marshall da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse. In aka leƙo daji daga bakin irin wannan kogo, waya za ta yi ƙoƙarin haskaka duhun ciki, sai waje ya ƙone ya koma fari fat. A taɓa ɓangaren da ke da haske, a bar bakin kogon ya yi baƙi abinsa. Aikinsa ke nan.

Kada kuma firam ya rinjayi abin da ya kewaye. Reshe ɗaya a kusurwa ya wadatar, ba dole sai an rufe ɓangarori huɗu ba, kuma in ya ratsa kan dabbar ya ɓata hoton. Zuƙowa ba ta gyara wannan. Taku ɗaya zuwa hagu ko durƙusawa ne ke sauya matsayin reshe. Inda ba a yarda a sauka daga mota ba, a roƙi direba ya ɗan gusa gaba ko baya, a kashe inji saboda girgiza, sannan a jira dabbar ta shigo tsakanin rassan.