Gigin Tsufa: Mai Jinya Ma Tana Bukatar Taimako

A ƙauyuka da yawa akan sami tsoho ko tsohuwa da mantuwa ta kama. Zai ci tuwo yanzu, an jima kaɗan ya ce ba a ba shi abinci ba. Wata za ta fita da dare ta kasa gane hanyar gida. Wani har sunan 'ya'yansa yakan ɓace masa. Jama'a suna kiran wannan gigin tsufa. Wasu kuma sukan ce sammu ne ko maita. Likitoci sun ce ciwo ne da yake lalata ƙwaƙwalwa sannu a hankali, kuma ba kowane tsoho yake kamuwa da shi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutanen da ke fama da wannan ciwo sun haura miliyan 55. Fiye da rabinsu suna zaune ne a ƙasashe masu tasowa. Har yanzu ba a sami maganin da zai warkar da shi ba.

To, wa yake ɗaukar nauyin jinya? Galibi mace ce: mata, ko 'ya, ko suruka. Hukumar ta ce kashi 70 cikin 100 na lokacin da ake ɓatarwa wajen wannan jinya mata ne suke bayarwa. Ita ce mai wanka da wanki da ba da abinci. Ba ta samun barci sosai. Biki da suna duk sun gagare ta. Wani lokaci tsohon da take yi wa hidima ya ce ta sace masa kuɗi, alhali shi ne ya ɓoye ya manta. Sai ranta ya ɓaci, ta yi faɗa, daga baya kuma ta zauna tana kuka tana ganin ta yi laifi. Masu zuwa dubiya kuwa jikin tsoho kawai suke tambaya.

Saboda irin waɗannan mutane, a shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani shiri mai suna iSupport. Darussa ne da ake karantawa ta intanet a wayar hannu ko kwamfuta, kuma akwai su a littafi. An kasa su kashi 5. Akwai bayanin ciwon, da yadda ake hidimar yau da kullum, da abin da za a yi idan halin tsoho ya canza. Kashi ɗaya kuma kacokan na mai jinya ne. A nan ake koya mata ta riƙa jan numfashi a hankali idan zuciya ta ɗauki zafi, ta ware ɗan lokaci ta yi abin da take jin daɗinsa, ta kuma nemi 'yan uwa su karɓe ta ba tare da jin kunya ba.

Da Turanci aka rubuta shirin, sannan ƙasashe irin su Fotugal suka mai da shi harsunansu. Wanda bai jin Turanci zai iya sa yaron gida ɗan makaranta ko malamin ajin yaƙi da jahilci ya karanta ya fassara masa.

Wayar tana da wani amfanin. 'Yan uwa na birni da na ƙauye za su iya tsara kwanakin jinya ta saƙon murya a WhatsApp, kowa ya san ranarsa. Sai dai a yi hattara da masu tallar maganin mantuwa a waya, domin kuɗi kawai suke nema.

Idan mai jinya ta daina cin abinci, ko barci ya ƙaurace mata kwana da kwanaki, a kai ta asibitin da ke kusa. Akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Jihar Sakkwato.