Wane ne Scorpion na gaskiya? Musun gidajen gem a Fagge da Sabon Gari

Gidan gem a Fagge ko Sabon Gari ba ya ɓuya: talabijin uku ko huɗu a jere, benci, janareta na ruri a ƙofa, fad ɗin da salatif ya riƙe wa rai, da yara tsaye a baya suna jiran a cinye wani ya tashi. Ƙwallo ce ta fi kawo kuɗi, amma ita ba ta da labari, musunta bai wuce wa ya fi wa iya bugu ba. Musun da ba ya ƙarewa na Mortal Kombat ne. Wanda ya tashi da PlayStation 2 zai rantse cewa Scorpion shi ne Hanzo Hasashi, wanda aka hallaka danginsa, ya dawo daga kabari neman fansa a kan Sub-Zero. Ƙaninsa, wanda ya kalli labarin gem ɗin 2023 a waya, zai ce a'a, Scorpion shi ne Kuai Liang, ɗan'uwan Sub-Zero na jini. Babu wanda ya ƙaga nasa, kamfani ne ya ba kowannensu hujjarsa. To, idan an sake zuba tsohon gem, labari ya sauya, wanne ne sahihi?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce na farko, don kowa ya san na gaba ya yi gaba. Sai dai gem ba littafi ba ne, kuma na farkon ma ba labari ɗaya gare shi ba. A Mortal Kombat na 1992, wanda Ed Boon da John Tobias suka shirya wa kamfanin Midway a Chicago, mayaƙa bakwai ne, kowanne da nasa ƙarshen. Ka ƙare da Kano, wato ɗan fashin nan mai jan ido da ya yi karo da sunan garinmu, gem ya ce shi ya ci gasa. Ka ƙare da Sonya, ya ce ita ce. Ba a san wanda ya ci a hukumance ba sai da kashi na biyu ya fito a 1993, ya buɗe da cewa Liu Kang ne ya kayar da Shang Tsung. Kashi na biyun ne kuma ya bayyana cewa Sub-Zero na farko ya mutu a hannun Scorpion, wanda ake gani a cikinsa ƙaninsa ne. Lamarin Resident Evil na 1996 ya fi wannan ɗaure kai. Duk ƙwarewarka, ba za ka fitar da Chris da Jill da Barry da Rebecca su huɗu da rai a bugu ɗaya ba, domin wanda ya ɗauki Chris da Rebecca yake tafiya, wanda ya ɗauki Jill da Barry. Amma gem ɗin da suka biyo baya sun nuna duk huɗun sun tsira. Ke nan labarin da Capcom, mai gem ɗin, ta ɗora gini a kansa labari ne da babu wanda ya taɓa buga shi a faifan asali.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, na baya ke tantance na gaba. Sahihin labari shi ne wanda kashin da ya biyo baya ya ɗauka ya ci gaba da shi, kamar yadda ake gane gidan da ya yi albarka da 'ya'yan da suka riƙe sunansa. Da wannan ma'auni, sabon zubi ba ya zama sahihi don kawai hotonsa ya fi kyau, kuma tsoho ba ya riƙe kujera don kawai ya riga zuwa. Dubi Resident Evil 4. A na 2005, Saddler ne ya kashe Luis. A sabon zubin 2023, Krauser ne ya soke shi da wuƙa ta baya. Mutum ɗaya ba ya mutuwa a hannun mutum biyu, don haka duk kashin da ya zo ya ambaci mutuwar Luis, sunan da ya kira shi ne zai zauna. Kafin nan, mai cewa Saddler da mai cewa Krauser kowa na kan ƙafarsa.

Mai musu zai ce, ai wannan dogon zagaye ne, kamfani ke da kayansa, abin da ya faɗa shi ne magana. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, tunda kamfani ke rubuta kashi na gaba. Amma a duba yadda masu Mortal Kombat da kansu suka bi da lamarin. Midway ta durƙushe a 2009, Warner Bros. ta sayi gem ɗin, aka kafa NetherRealm. Da suka tashi sake ba da labarin kashi uku na farko a 2011, ba su ce a manta da abin da ya wuce ba. Sun fara ne daga inda Armageddon na 2006 ya tsaya: Raiden na dab da mutuwa a hannun Shao Kahn, sai ya aika saƙo zuwa ga kansa na shekarun baya. Saƙon ne ya karkatar da komai, har aka mayar da Kuai Liang, ƙanin Sub-Zero na farko, mutum-inji a maimakon Smoke. Wato sabon labarin ba ya tsayuwa sai tsohon ya faru. Haka aka maimaita a 2023: Liu Kang ya sake gina duniya bayan abin da ya faru a Mortal Kombat 11, Raiden ya koma ɗan ƙauye mai noma, Kuai Liang ya zama Scorpion. Har ƙarshe biyun da aka ba ɗan wasa zaɓi a ƙarin Aftermath na 2020, nasarar Liu Kang ko ta Shang Tsung, gem ɗin 2023 ya ce duka sun faru, kowanne a nasa zamanin. Kamfanin ya san cewa wanda ya shekara ashirin yana biyan kuɗin bugu ba zai yarda a ce masa abin da ya sani ƙarya ne ba. (Ko dabarar marubuta ce, ko tsoron asarar masu saye, sakamakon dai ɗaya ne.)

Wani kuma zai ce duk wannan surutun 'yan hutu ne, gem dai a ji daɗi. Ga fim, kusan haka ne. Da Ali Nuhu ya sake Mujadala a 2018, masu kallo sun yi ta kwatanta shi da tsohon, amma maganar ba ta wuce wanne ya fi shiga rai ba, don babu labarin da ke jiran a yanke hukunci kafin ya ci gaba. Gem mai shekara talatin yana ɗorawa ba haka yake ba. Wanda bai san wane layi yake kai ba, zai ga Scorpion da Sub-Zero suna kiran juna ɗan'uwa ya rasa inda aka kwana.

Ƙorafin da ya fi nauyi a wurina shi ne na masu cewa sabon zubi yana kashe tsoho a aikace, ko da a baki an ce duka sahihai ne. Wannan ya faru. A 2021, Rockstar ta janye tsofaffin GTA III da Vice City da San Andreas daga shagunan intanet don ta share wa gyararren zubinsu hanya. Gyararren ya fito cike da kurakurai, wasu waƙoƙin rediyon mota da aka sani tun farko babu su, jama'a suka yi ca, har kamfanin ya ba da haƙuri ya mayar da tsofaffin na kwamfuta kasuwa. Idan ba a iya samun tsohon gem, hujjar mai kare shi ta zama labarin baka. A nan ne garin Kano ke da wani matsayi da ba a cika lura da shi ba. Tsadar sabuwar na'ura da ta data ta sa PlayStation 2 da 3 ba su yi ritaya ba. Masu gyara a kewayen kasuwar Sabon Gari da titin Beirut suna canza musu ido, suna loda gem a filas. Yawancinsu kwafi ne, kuma wannan ba abin yabo ba ne ta fuskar haƙƙin mallaka. Amma San Andreas da yaro ke bugawa a Fagge yau, idan ba wanda aka yi wa kwaskwarima ba ne, shi ne na 2004, da waƙoƙinsa cikakku, abin da mai sabuwar na'ura a Landan ba zai samu a shagon kamfanin ba.