Yadda Huda Dutse Ke Sauya Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa A Yankuna Irin Su Bwari

Ruwan da rijiyoyin burtsatse ke zuƙowa a Bwari, Ushafa da Dutse-Alhaji yana kwance ne a tsagogin dutse mai tauri da kuma ruɓaɓɓiyar ƙasar da ke samansa. Na kusa da sama ruwan damina ne na bana ko na bara, na can ƙasa kuwa kan shekara aru-aru bai motsa ba.

Masana na gane shekarun ruwa ta hanyar sinadaran da ke raguwa da kansu. Rabin tiritiyam na ɓacewa cikin shekara 12 da 'yan watanni, na kabon-14 kuwa sai bayan shekara 5,730.

Da zarar an huda dutse domin fitar da hanya, ramin ya zama magudana. Duk tsagin da ya ratsa zai riƙa tsiyayo ruwa, ma'aikata na kwashewa da famfo. Gurbin da tsohon ruwa ya bari, sabo ne ke gangarowa daga sama ya cike shi, ɗauke da iskar oksijin da abin da ya kwaso a hanya, musamman sinadarin nitiret na masai da takin zamani. Oksijin kan ci ma'adanan da ke ɗauke da farar wuta, ruwan ya yi tsami, ƙarfe ya narke a cikinsa. Nakiyar fasa dutse ma tana barin nitiret, siminti kuma ya ƙara wa ruwan kaifi irin na toka.

An ga haka a ƙasar Suwidin. A 1992 aka fara huda tsaunin Hallandsas domin layin dogo, sai rijiyoyin manoma suka ƙafe. A 1997 aka gano cewa sinadarin Rhoca-Gil da aka ɗura don toshe tsagogin ya gurɓata ƙoramu, kifaye suka mutu, shanu suka shanye. Ba a buɗe hanyar ba sai a 2015.

A Ƙaramar Hukumar Bwari, abin da ya fi kama da wannan shi ne manyan ramukan fasa dutse na Mpape, waɗanda ɗayansu ya cika da ruwa har ya zama wurin shaƙatawa. Rami mai zurfi, a kwance yake ko a tsaye, jawo ruwa yake yi zuwa gare shi.

Lokacin da ƙasa ta motsa a Mpape cikin Satumbar 2018, hukumomin Abuja sun dakatar da fasa duwatsu a yankin, domin girgiza kowa na jin ta. Sauyin ruwa kuwa ba ya ƙara, kuma nitiret ba shi da launi ko wari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 50 a kowace lita, saboda abin da ya haura haka kan hana jinin jarirai ɗaukar oksijin. Tafasa ruwan ba ya fitar da shi, ƙara masa ƙarfi ma yake yi.