Baƙin ɗigo a matauni: tsutsa ce, ko goro, ko ruwan sha?

A Gidan Sori, kamar sauran garuruwan gundumar Gidan Rumji, idan yaro ya kwana yana kuka da hannu a kunci, da safe uwa ta leƙa bakinsa ta ga baƙin ɗigo can ƙurya a kan matauni, hukuncin da ake yankewa ɗaya ne: tsutsa ta shiga. Sai a bazama neman mai cire ta. Wasu masu maganin kasuwa kan barbaɗa ƴaƴan wani tsiro a garwashi, mai ciwon ya wangale baki hayaƙi ya shiga, can a nuna masa wasu farare sirara a cikin ƙwaryar ruwa, a ce ga masu ɓarnar nan sun faɗo.

Babu tsutsa a cikin haƙori. Fararen abubuwan nan cikin irin ne da zafin wuta ya fasa. Kuma ba Hausawa kaɗai suka yarda da zancen ba. Mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, sun rubuta labarin tsutsar haƙori a allon yumɓu, Turawa ma sun shafe ɗaruruwan shekaru suna irin wannan turare. Likitan haƙorin Faransa Pierre Fauchard ya yi watsi da zancen a littafinsa na 1728, sannan a 1890 Willoughby Miller, Ba'amurke mai aiki a Berlin, ya bayyana abin da ke faruwa. Ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani suna zaune cikin dauɗar da ke manne wa haƙori. Suna cin sukarin da ya rage a baki, su fitar da tsami, tsamin ya riƙa narkar da farin ɓawon haƙori a hankali har kogo ya buɗe. Inda masu zancen tsutsa suka yi gaskiya shi ne, lallai wani abu mai rai ne ke ɓarnar.

Matauna ne suka fi shan wahala domin samansu ba sumul yake ba. Akwai ƙananan kwaruruka da tsaguwa inda tuwo da alawa ke maƙalewa, asuwaki kuma da wuya ya kai can. Ga wani abin da iyaye da yawa ba su sani ba: mataunin farko na dindindin yana fitowa ne wajen shekara 6, a bayan haƙoran nono, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Idan ya fara baƙi sai a ce ƙyale shi, ai zai yi famfara. Ba zai yi ba. Wannan haƙorin da shi yaron zai tauna abinci har tsufansa.

To, duk baƙin da aka gani ruɓewa ce? A'a. Goro, taba gari, furen taba da shayi mai kauri duk suna rina haƙori, rinin kuma ya fi zama cikin kwarurukan matauni. Akwai ma ruɓewar da ta fara sannan ta tsaya, ta bushe, ta yi baƙi ƙirin da tauri, ba ta ƙara ci gaba ba. Wadda ke kan ci kuwa sau da yawa launin ƙasa-ƙasa take, da taushi, abinci na maƙalewa a ciki, ruwan randa mai sanyi ko shayi mai zaƙi ya taɓa wurin mutum ya zabura. Alamarta ta farko ma fara ce fat kamar alli, kusa da dasashi. Launi kaɗai ba ya yanke hukunci, sai ma'aikacin lafiya ya duba ya taɓa.

A wannan yanki akwai dalili na uku, kuma mai ciwo a zuciya. A Tibirin Gobir, cikin gunduma ɗaya da Gidan Sori, tun daga tsakiyar shekarun 1980 mutane suka riƙa shan ruwan wata rijiyar burtsatse da sinadarin fuloraid ya yi wa yawa, har ninki uku ko fiye na miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade. Yara masu yawa haƙoransu suka yi dabbare-dabbaren ja da ruwan ƙasa, ɗaruruwa ƙasusuwansu suka lanƙwashe. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kan lamarin a 2002. Irin wannan tabon yana shiga ne tun haƙori na tsirowa a cikin dasashi, yana bayyana a haƙora da yawa dama da hagu, kuma ko an shekara ana dirza da gawayi ko toka ba zai fita ba, sai dai a ƙara zaizaye ɓawon.

Wanda ya san labarin Tibiri, in ya ji an ce man goge baki na ɗauke da fuloraid ya tsorata, ba a ga laifinsa ba. Amma shan ruwa mai yawan sinadarin kullum na tsawon shekaru daban ne da shafa ɗan kaɗan a haƙori a tofar. A bisa haƙori, fuloraid na taimaka wa ɓawon ya warke daga zaizayar tsami, shi ya sa a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man goge baki mai fuloraid cikin jerin muhimman magunguna. Abin kiyayewa shi ne ƙananan yara kada su haɗiye, a sa masu kaɗan, babba na tsaye a kansu. Asuwaki kuma, na dogon yaro ne ko waninsa, yana cire dauɗa ƙwarai idan an bi haƙora ɗaya bayan ɗaya har ƙurya. Ba a ce a jefar da shi ba.

Zancen da ya fi kowanne haɗari shi ne, ciwo ya lafa, ke nan an warke. Kogon da ya riga ya buɗe ba ya cikewa da kansa. Sau da yawa lafawar na nufin jijiyar cikin haƙorin ta mutu, ƙwayoyin cuta kuma sun gangara saiwa suna tara mugunya. Masu ɗiga ruwan batir ko fetur a kogo, da masu danna ƙwayar asfirin a dasashi, ƙone naman bakinsu kawai suke yi. Kanumfari dai gaskiya ne yana rage zogi na ɗan lokaci, amma ba ya tsayar da ruɓewa.

Haka nan ƙarya ce cewa cire mataunin sama na makantar da ido. Kuma ba kowane kogo ake cirewa ba. In an zo da wuri ana kankare ruɓaɓɓen wurin a cike shi, har akwai dabarar yin haka da kayan hannu ba tare da lantarki ba, wadda aka fara gwadawa a Tanzaniya a shekarun 1980.

Batun sukari gaskiya ne, sai dai yawan maimaitawa ya fi yawan awo illa. Duk sanda zaƙi ya shiga baki, tsami na aiki wajen rabin sa'a ko fiye kafin yawu ya wanke shi. Matashin da ke zaune a fadar samari yana kurɓar shayi na ɗaya, na biyu, na uku daga la'asar har dare, haƙoransa ba sa samun hutu ko kaɗan, haka ma yaron da ke tsotsar alawa a hanyar makaranta.

Idan kunci ya kumbura, zazzaɓi ya sauka, baki ya ƙi buɗuwa ko haɗiya ta gagara, wannan ba na jiran ranar kasuwa ba ne. A kai mutum gidan likita mafi kusa a ranar, in ta kama a wuce da shi babban asibitin Maradi. Ƙaramin yaro mai tamowa da dasashinsa ke jini yana wari, shi ma haka, domin da irin wannan alamar cutar noma mai cin fuska ke farawa, kuma a wannan mataki maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki na iya tsayar da ita.