Idan Sitiyarin Jirgi Ya Ƙi Aiki A Tsakiyar Dam Ɗin Challawa: Abin Da Matuƙi Zai Yi

Madatsar ruwa ta Challawa da ke ƙaramar hukumar Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992, tana da tsayin mita 42, kuma tana iya riƙe ruwan da ya haura kubik mita miliyan 900. Ruwan ya bazu har yankin Rogo, ya zama wurin neman abincin masunta da hanyar masu tsallaka mutane da kaya. Jirgi mai inji ya fi kwalekwalen filafili sauri nesa ba kusa ba, amma yana da tasa matsalar: ranar da injin ya ƙi juyawa dama ko hagu a tsakiyar ruwa, babu birkin da za a taka, babu gefen titin da za a faka.

Yadda jirgin ke juyawa

Ƙananan jirage masu injin baya, irin Yamaha Enduro, ba su da wani abin juya akala daban. Injin ne da kansa yake juyawa, farfela ta tura ruwa gefe guda, bayan jirgin ya karkata. Shi ya sa idan matuƙi ya tura hannun inji hagu, jirgin zai nufi dama. Wasu jiragen kuma sitiyari gare su irin na mota, wanda kebul ke haɗa shi da injin. Ko wanne ne, muddin farfela ba ta tura ruwa, ko injin ya cije a wuri ɗaya, to akalar jirgi ta fita daga hannun matuƙi.

Abubuwan da suka fi jawo haka sanannu ne: notin hannun inji ya kwance, ko maɗauran da suka riƙe injin a katakon baya su yi sako-sako saboda jijjiga, ko tsatsa ta cinye kebul saboda rashin giris. Wani lokaci kuma kallin masunta ne ke nannaɗe farfela, ko ta daki kututturen da ruwa ya rufe. A ƙananan injuna akwai wani siririn ƙarfe da aka yi shi don ya karye idan farfela ta daki abu, saboda kada giya ta lalace. Idan ya karye za a ji inji na ƙara amma jirgi ba ya gaba.

Minti na farko

Abu na farko shi ne a rage wuta, a mayar da giya firi. Jirgin da injinsa ya cije a karkace zai yi ta zagaye, kuma da gudu wannan zagayen ke kifar da shi ko ya wurgar da mutum. A nan ne igiyar nan ja mai kashe inji ke da amfani: idan tana ɗaure a hannun matuƙi, da ya faɗi injin zai mutu nan take.

Na biyu, kowa ya zauna a inda yake, wanda bai sa rigar ruwa ba ya sa. Jirgin da ya tsaya cak ba ya nutsewa don sitiyari ya lalace, amma yana kifewa idan fasinjoji suka miƙe suka taru gefe guda. Hatsarin Bagwai na ranar 30 ga Nuwamba 2021 a dam ɗin Watari, wanda ya ci aƙalla rayuka 29, akasarinsu ɗaliban Islamiyya, hukumomi sun danganta shi da lodin da ya wuce kima. Jirgi mai irin wannan lodin ba ya jure ko ƙaramar tangarɗa.

Na uku, a juya goshin jirgi ya fuskanci igiyar ruwa, musamman lokacin iskar hunturu ko idan hadari ya taso. A ɗaura bokiti da doguwar igiya a goshin jirgin a jefa shi ruwa. Zai riƙe goshin wajen iska, ya kuma rage saurin da take kora jirgin.

Sitiyarin wucin gadi

Kafin a taɓa farfela sai an kashe inji an zare igiyarsa, sannan a ɗaga shi a yanke abin da ya nannaɗe. Idan kebul ne ya cije, a kwance notin sandar da ta haɗa shi da injin, a ɗaure gora ko filafili a jikin injin da igiya, a riƙa juya shi da hannu a hankali.

Idan injin ya ƙi motsi sam amma yana miƙe, a tafi da ƙaramar wuta, mutum ɗaya ya riƙe filafili a baya yana karkata shi cikin ruwa. Bokitin ma zai yi: a ja shi ta gefen dama jirgi ya karkata dama, a mayar da shi hagu ya koma hagu. Gaɓar da ta fi kusa za a nufa, ko da ba can aka dosa ba.

Aikin waya

GPS ɗin wayar Android ba ya buƙatar data kafin ya gano inda mutum yake. A Google Maps, idan aka danna wuri aka riƙe, lambobin wurin za su fito, ana iya tura su ta saƙon tes idan sabis ya yi rauni. Idan akwai data, WhatsApp na da tsarin tura wuri kai tsaye wanda ke bin jirgin duk inda iska ta kai shi. Yana da kyau a sauke taswirar yankin tun a gida. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, sai dai wanda zai fi saurin isowa shi ne mai jirgin da ke kusa, don haka lambar Sarkin Ruwa da ta abokan sana'a biyu ko uku su kasance a wayar. A sa ta cikin leda a ɗaure, da caji.

Kafin a tashi

Duba injin ba ya cin minti biyar: a jijjiga shi a ji ko maɗaurai sun yi sako-sako, a juya shi dama da hagu har ƙarshe, a leƙa farfela. A cikin jirgi kuma kada a rasa filafili biyu, gora, igiya, bokiti, wuƙa, sifana, filaya, tocila da ƙarfen farfela na sauyi. A kuma gaya wa wani a gaɓa inda aka nufa da lokacin dawowa, a guji tafiyar dare, domin idan jirgi bai dawo ba, wannan mutumin ne zai fara tayar da masu nema.