Abin Da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Zaɓi Manhajar Zanen 3D

A rumfar cajin waya, ko a Bichi ko Dambatta ko Tsanyawa, ba ka rasa samari biyu uku sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna kallon katun ɗin Hausa da ake ɗorawa a TikTok. Can sai ka ji ɗaya ya ce, "Wallahi ni ma zan iya, in dai na san da me suke yi." Wannan tambayar ce nake so mu warware.

Zanen takarda tsawo da faɗi kawai gare shi. Na 3D kuwa har da kauri. In ka ƙera rumbu a kwamfuta, za ka juya shi ka ga bayansa, ka leƙa ƙarƙashin jinkarsa. Aikin ya fi kama da na mai ginin tukwane, domin dunƙule ake ɗauka a ja nan, a matse can, har siffa ta fito. In aka sa abin ya motsa, shi ne katun.

Kada sunan manhaja ya ruɗe ku. Maya da 3ds Max na kamfanin Autodesk manya ne, amma kuɗin haya ake biyan su da dala, kuma suna son kwamfuta mai ƙarfi. Waɗanda ake sayarwa a faifai ko filashi da sunan "an fasa" na sata ne, kuma sau da yawa suna tafe da ƙwayar cutar da ke lalata na'ura. A ƙauyukanmu, abin dubawa shi ne na'urar da ke hannunka, da wutar da kake samu, da kuɗin data.

Wanda waya kaɗai gare shi ya gwada Prisma3D a Android. Yana iya ƙera abu, ya sa masa launi, ya motsa shi. Allon waya ƙarami ne, yatsa kuma ba ya kai wa lungu, amma ta isa a koyi tushen aikin. Tinkercad, wadda Autodesk ta saya a 2013, ita ce mafi sauƙi: akwati da ƙwallo da bututu ake jerawa kamar tubali. Sai dai a intanet take aiki, kuma ba don katun aka gina ta ba. SketchUp ta fi dacewa da magini da kafinta, wanda yake so ya nuna wa mai gida fasalin shago ko gado kafin a yanka katako. Nau'inta na kyauta shi ma yana cin data.

Ni dai a ganina, duk wanda ya samu laftof ya nufi Blender kai tsaye. Wani ɗan ƙasar Holan, Ton Roosendaal, shi ya fara ta a 1994. Da kamfaninsa ya durƙushe, masu amfani da ita suka yi karo-karo na Yuro sama da dubu 100 a 2002, aka fanshe ta, ta zama ta kowa. Tun daga nan kyauta ce, kuma halal ne mutum ɗaya ya sauke ta a gari, ya zuba a filashi, ya raba wa duk abokansa. Nauyinta bai kai rabin gigabait ba, kuma da zarar ta hau kwamfuta ba ruwanta da intanet. Kada kuma a raina ta don kyauta ce. Fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci kyautar Oscar ta katun a 2025, da Blender aka yi shi.

Ba zan ɓoye muku ba, makon farko da ita akwai ciwon kai. Maɓallai sun yi yawa, komai da Turanci, kuma sai da linzami mai ƙaramar taya a tsakiya ake jin daɗin juya abu. Sababbin fitowarta suna son RAM aƙalla gigabait 8. In kwamfutar tsohuwa ce, a nemi tsohuwar fitowa, suna nan a shafinsu.

Sai maganar wuta, wadda masu koyarwa a YouTube ba sa kawowa don ba ta dame su ba. Katun hotuna ne a jere, 24 a kowace daƙiƙa. Bidiyon daƙiƙa 10 hoto 240 ke nan. In kowane hoto ya ɗauki minti 2 kafin kwamfuta ta gama fitar da shi, an tashi awa 8, batir kuwa ba zai kai ba. Don haka cikin injinan fitar da hoto na Blender a zaɓi Eevee, wanda ya fi Cycles sauri nesa ba kusa ba. A kuma umarci Blender ta ajiye hotunan ɗaya bayan ɗaya maimakon bidiyo guda, yadda in an ɗauke wuta a hoto na 150, gobe sai a ɗora daga na 151.

Kada ku fara da fuskar mutum, nan ne da yawa ke karaya. Ku fara da abin da idonku ya sani: turmi, ƙwarya, randa, sannan amalanke mai tayar da ke juyawa. Ɗalibai da malaman Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi, masu laftof a cikinku, don Allah in za ku gida hutu ku tafi da Blender a filashi, ku zaunar da ƙannenku ku nuna musu.